Randa, Ƙanƙara da Diskin Mushe

Abubuwa da yawa sun faru da ni waɗanda yanzu sai an tuna mini, amma abin da ya haɗa ni da wata randa da diskin kwamfuta a Maraɗi ba ya cikinsu. Wannan kam ina jin har in koma ga Mahaliccina ba zai fita daga raina ba. Sai dai in faɗa tun da wuri, shekaru sun ja, kuma ban rubuta komai ba a lokacin. Mai yiwuwa na sa wani abu gaban wani, mai yiwuwa kuma maganar da zan ce wane ya faɗa, wani ne ya faɗe ta. Ko shekarar ma ba zan rantse a kanta ba. Abin da na riƙe dai lokaci ne da siyasa ta yi zafi, jam'iyyu sun yi yawa, motoci masu lasifika suna ta zagaya gari, yau a ce yajin aiki, gobe a ce kowa ya zauna gida. Wutar lantarki kuwa, wadda muke ce wa kuran, sai ta ga dama take zuwa.

Na dawo daga jami'a a Yamai da dipulom ɗina na tarihi, ba aiki ba dalilinsa. Ina cikin wannan zama sai tsohon daraktan lakwal ɗinmu, wato makarantar firamare, ya aiko a kira ni. Mutumin Tsibiri ne, amma gidansa yana Sabon Gari, kuma duk da ya daɗe da ajiye aiki kowa Mushe yake ce masa, kamar yadda ake kiran malamin lakwal, har matarsa. Tun yana saurayi yake yawo ƙauyukan gulbi da rakoda yana ɗaukar muryar tsofaffi: manoma, maharba, mata masu waƙar daka, da mutanen karkara masu riƙe da al'adar kakanni. Ya tara kaset kwali biyu. Wani tsohon ɗalibinsa da ke ƙasar waje ya aiko masa da kwamfuta wadda ta ɗan sha jiki, shi kuma bai san ko inda ake kunna ta ba. Aikina shi ne in juye kaset ɗin cikin na'urar, sannan mu zauna mu saurara, ni ina bugawa, shi yana fassara mini tsofaffin kalmomin da ko a jami'a ban taɓa jin su ba.

Kaset ɗin sun tsufa ƙwarai. Wasu ana gama juye su sai zaren ya tsinke, wasu rakoda ta tauna su. Kafin mu yi wata shida, akwai muryoyi da dama da ba su da sauran mazauni a duniya in ba cikin diskin ba, wato wannan ɗan akwatin ƙarfe mai girman tafin hannu da ke cikin kwamfuta, wanda komai yake kwana a cikinsa. Ni kuwa mutum ne mai fargaba tun ina yaro. In na rufe ƙofa sai na koma sau biyu na taɓa kwaɗon. To ku auna yadda zuciyata take da sanin cewa aikin rayuwar dattijon nan yana rataye ne da abin da ban san cikinsa ba.

Mai karatu zai ce me ya hana ku kwafa a wani wuri? Na yi wa kaina wannan tambaya fiye da yadda kowa zai yi mini. Ƙananan faya-fayan disket da muke da su ko murya ɗaya ba za su ɗauka ba. Na'urar zuba abu a faifan sidi mun ba wani ɗan kasuwa sautu ya zo mana da ita, amma da rufe hanya da yajin aiki, kullum sai a ce mako mai zuwa. Akwai wani mai gyaran rediyo da talabijin a unguwar da ya fara taɓa kwamfuta, yana da tasa, kuma da mun roƙe shi da ya ba mu wuri. Amma Mushe ya ƙi. Ya ce ya yi wa tsofaffin nan alkawari muryarsu ba za ta shiga hannun wani ba. Kuma yana da hujja, don a lokacin 'yan siyasa ba abin da ba su nema su sa a lasifika, har kirarin matattu. Ni ma, in faɗi gaskiya, ban matsa ba, don tsoro nake ji in cire diskin in hau kabu-kabu da shi, rami ɗaya ya girgiza shi ya lalace.

Da bazara ta kankama, sai na'urar ta fara wani hali. Ɗakin da muke aiki shago ne a ƙofar gidan Mushe, rufin kwano, ba silin. Da rana ta take, sai komai ya tsaya cik a kan gilashin, wani lokaci kuma in ji wani ɗan ƙara daga ciki, kamar ana ƙyasta farce. Na kwance murfin na sa yatsa a kan diskin, na janye da sauri. Na ce wa Mushe mu dakata da aiki har damina ta sauka ko na'urar sidi ta iso.

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ɗana, kunnena na hagu ya riga ya tafi, na dama yana ɗaure kaya. Likita ya ce jinina yana hawa. In ka jira damina, wa zai gaya maka abin da tsofaffin nan suke nufi? Dipulom ɗinka?"

Aiki ba ya tsayawa, diski kuma yana zafi.

A cikin kwalin da kwamfutar ta zo akwai tsofaffin mujallu na Faransanci da aka cusa don kada ta motsa. A ɗaya daga ciki na ga hoton da ya tsaya mini a rai: wasu Turawa sun ja ƙananan tiyo cikin kwamfuta, ruwa yana bi yana kwashe zafi. Ban tabbatar ba ko don diski suka yi ko don wani sashen daban, Faransancin wurin ya fi ƙarfina, amma abin ya ba ni sha'awa matuƙa. Ruwa da wuta a akwati ɗaya! Na kwana biyu ina juya shi. Ranar Juma'a na tafi Jiratawa gaida kawuna, yayan mahaifiyata, wanda shi ke kula da injinan ban ruwa na manoman fadamar. Na same shi bakin kanal, wato magudanar ruwan, hannu duk baƙin mai, na nuna masa hoton.

Ya juya takardar sama da ƙasa ya yi dariya. "Yo wanga shi ne abin da ya hana mai dipulom barci? Injin da ya fi abin naku girma sau ɗari, mi ka riƙe da shi in ba ruwa ba?"

Na ce, "Kawu, su fa da ɗan famfo suke tura ruwan, mu kuwa ba mu da shi. Kuma kuran ba ya zama."

Ya ce, "Zo nan." Ya ja ni inda wani manomi yake shayar da fangalinsa na albasa. Mutumin ya nutsa wani lanƙwasasshen tiyo cikin kanal, ya toshe baki ɗaya da tafin hannu, ya tsallakar da shi kan gaɓa ya saki, sai ga ruwa yana bi da kansa yana zuba cikin gona. Kawu ya ce, "Ka ga famfo nan? Ka ga kuran? Ka ɗora ruwa bisa, ka ba shi hanya, shi zai kai kansa."

Bayan kwana uku sai ga Kawu a Sabon Gari da buhu a bayan keke. Ya samo siririn bututun jan ƙarfe daga wani mataccen firigo, wato firij, ya lanƙwasa shi kamar maciji ya naɗe, ya like shi da darma a kan wani ɗan faranti na jan ƙarfe daidai faɗin diskin. Ya zo da robar ƙarin ruwa irin ta likita, sabuwa, mai ɗan maƙunshin nan da ake murzawa a rage gudu. Muka ari randar matar Mushe, muka ɗora ta kan tsohon tebur a kusurwa, muka ajiye bokiti a ƙasa. Na fito da diskin daga akwatin da wayoyinsa a jiki, na kwantar da shi kan katako, Kawu ya ɗora farantin a bayansa ya ɗaure da robar taya. Ya tsotsi bakin robar ya tofar, ruwa ya fara bi: daga randa, ya ratsa bututun, ya ɗiga cikin bokiti. In bokiti ya cika sai in mayar cikin randa.

Ni dai sai da na sa aka yi gwajin yini guda ba tare da an kunna komai ba, ina bin kowace mahaɗa da busasshen tsumma ina duba ko ta yi danshi. Kawu yana zaune yana shan shayi yana cewa, "Mushe, yaron ga ko haihuwarsa sai da ya leƙo sau biyu kafin ya fito."

Da muka kunna, na so in san ainihin abin da ruwan ya rage. Na je na sayo ma'aunin zafi irin na marasa lafiya. Ban yi tunani ba cewa iyakarsa arba'in da biyu ne, ɗakin kansa kuwa a ranar ya kai haka ko ya wuce. Tun kafin in kai shi jikin diskin ya cika ya tsaya. Kawu ya karɓe shi ya ajiye, ya ɗora bayan hannunsa a gefen diskin kamar ungozoma, sannan ya ce, "Zazzaɓi ya sauka."

Kuma ga dukkan alamu ya sauka ɗin. Mun yi kamar mako uku na'urar ba ta tsaya ba ko sau ɗaya, ko da yake, in zan yi adalci, ƙaran nan na farce ban daina jinsa gaba ɗaya ba, na dai daina son in ji shi. Labari ya bazu a unguwa. Mutane suka riƙa leƙowa su ga kwamfutar da ke shan ruwan randa. Wani ya tambaya ko tana yin azumi. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, kaina ya fara girma. A karo na farko tun da na dawo daga Yamai na ji karatuna ya haifi wani abu da ido zai gani.

Ranar da abin ya faru, an yi ruwan farko da asuba. Ba mai yawa ba ne, amma ya isa ya sa gari ya yi gumi, iska ta yi nauyi, riga tana manne wa mutum a baya. Da hantsi muka yi baƙo. Wani tsoho ne daga wani ƙauye bayan Tsibiri, cikin mutanen da har yau suke kan al'adar kakanninsu. Yayansa, wanda ya rasu da daɗewa, sarkin noma ne a zamaninsa, kuma Mushe ya taɓa ɗaukar muryarsa yana bayanin yadda suke duba alamun shekara kafin shuka, da sunayen irin gero na da, da waƙar da ake yi ranar gayya. Kaset ɗin yana cikin waɗanda suka tsinke. Tsohon ya ji labari a kasuwar Tsibiri cewa yayansa yana magana cikin wani akwati a Maraɗi, shi ne ya biyo motar kasuwa ya zo ya ji da kunnensa.

Mushe ya shimfiɗa masa tabarma, ya aika aka sayo ƙanƙara, don ba a tarbar baƙon da ya sha hanya a irin wannan rana da ruwan ɗumi. Aka fasa aka zuba masa a kwano, ya sha ya yi ajiyar zuciya. Sauran ƙatoton gutsuren aka bar shi cikin roba a bakin ƙofa. Na nemo muryar na kunna.

Ban taɓa ganin mutum ya saurari abu kamar yadda tsohon nan ya saurara ba. Ya ajiye sandarsa, ya karkata kai, bakinsa yana motsi yana bin maganar. Da aka zo wani wuri inda marigayin ya yi wata 'yar dariya yana zolayar Mushe kan bai san bambancin irin gero biyu ba, sai tsohon ya buga cinya ya ce, "Shi na! Wallahi shi na! Haka yaka yi ma kowa." Da aka gama ya ce a sake. Na sake. Sannan ya tashi ya zagaya teburin, ya bi robar da ido tun daga randa har bokiti.

Ya ce da ni, "Kai jika, wa ya gwada muku a ba su ruwa?"

Na fara yi masa bayanin zafi da ƙarfe. Ya ɗaga hannu. "Ni dai na ga kun san abin da ya kamata. Mutum ya yi magana mai tsawo hakanga, ai a ba shi ruwa." Mushe ya yi dariya har da tari, ni ma na yi, amma har yau ban san ko wasa tsohon yake yi ko da gaske yake ba, kuma ban ga dalilin da zai sa in yanke masa hukunci ba.

Suka fita zaure su ci abinci. Ni na tsaya ina mayar da ruwan bokiti cikin randa, sai na ji ruwan bai yi sanyin da ya saba ba. Daga baya na gane dalili, randa ba ta sanyaya ruwa sosai in iska ta jiƙe. A lokacin dai abin da na gani shi ne ruwa ya yi ɗumi, diski zai yi zafi, ga kuma ƙanƙara can bakin ƙofa tana narkewa a banza. A gidanmu ba a barin ƙanƙara ta narke a banza, ko ɗan gutsure ne sai an jefa a randa. Hannuna ya riga tunanina. Na ɗauka na jefa, har ina jin daɗin dabarata, na koma na ci gaba da buga rubutu.

Ban san ko minti nawa aka yi ba. Abin da ya sa na waiga shi ne wani ɗan ƙauri, kamar an ƙona gashi. Na duba sai na ga robar nan duk ta yi raɓa, farantin jan ƙarfen ya yi zufa kamar kwanon da aka ba baƙo ruwa a ciki, ɗigo yana gangarowa ta gefen diskin yana shiga ƙarƙashinsa, inda koren allon nan mai ƙananan wayoyi yake. Ba inda ya yoyo. Aikin Kawu bai ci amanarsa ba. Ruwan daga iskar ɗakin ya fito, abin da aka koya mini tun ina aji na ƙasa a kwaleji, abin da nake gani kullum a jikin kofi. Na fizge wayar kuran daga bango da ƙarfin da har soket ɗin ya biyo ni.

Da Mushe ya shigo ya same ni tsugune da diskin a hannu ina goge shi da bakin rigata, bai yi faɗa ba. Da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ce kawai, "Suna ciki?" Na ce ban sani ba. Ya zauna kan kujera, ya cire tabaransa ya riƙe. Tsohon kuwa ya riga ya tafi neman motar komawa, bai san abin da ya faru ba.

Washegari Mushe da kansa ya ce in kira mai gyaran nan. Mutumin ya zo, ya duba randa, ya duba bokiti, ya dube ni. Ya ce, "Malam, lambu kuka buɗe?" Ya kwance koren allon, ya wanke shi da alkol, ruwan nan na goge wurin allura, ya nuna mini wani ɗan wuri da ya yi baƙi, ya ce a bar shi kwana uku ya bushe, kada wanda ya kuskura ya kunna. Ya ƙara da cewa shi ba zai yi alkawarin komai ba, kuma ƙaran da na ba shi labari ba na zafi ba ne kaɗai, diskin dama ya kama hanya. In ya tashi, to a kwashe abin da ke ciki nan take, don mai yiwuwa tashin ƙarshe ne.

Mushe ya ce, "Na yi alkawari ba za su shiga hannun wani ba."

Mai gyara ya ce, "Mushe, ni ɗalibinka ne, ka manta ka taɓa yi mini bulala kan lissafi? Zan kawo tawa na'urar nan ɗakin, da diskin da ba komai a cikinsa. In an gama ka riƙe diskin, ni ko saurara ba zan yi ba."

Kwana ukun nan ban ci abincin kirki ba. A rana ta huɗu da safe, da kuran ya zo, mai gyara ya haɗa diskinmu a jikin tasa na'urar, ya jingina masa wata 'yar fanka da ya ciro daga mataccen akwati, ya kunna. Muka ji ya juya, ya yi ƙyas, ƙyas, ya yi shiru, sai ga sunayen muryoyin sun fito. Mushe ya ce Alhamdu lillahi da ƙarfi. Mai gyara ya ce a bar godiya tukuna, a faɗa masa wanne zai fara ɗauka. Muka ce waɗanda kaset ɗinsu ya tsinke. Na riƙa karanto su daga littafina ɗaya bayan ɗaya, yana kwafa. Wasu suka wuce sumul, wasu sai an sake sau biyu. Da muka zo kan muryar sarkin noma, wadda ita ce a buɗe lokacin da na fizge waya, sai ta ƙi. Ya tsallake ta ya kwashe sauran, ya dawo kanta, ta ƙi. Ya sake dawowa. Wajen azahar diskin ya fara ƙyas-ƙyas ba tsayawa, daga nan bai ƙara nuna komai ba. Duk mun tsira da su, ban da ita.

Ba zan iya cewa tabbas raɓar ce ta ci ta ba, ko fizgar wayar, ko tsufan diskin. Mai gyara ya ce kowanne yana iya zama. Amma ni na san wanda ya jefa ƙanƙara.

Mushe ya ce ni zan je in gaya wa tsohon, kuma ya yi daidai. Sai na riƙa jan ƙafa. Don in sami abin fakewa, na aro dogon ma'aunin zafi daga wani abokina mai koyar da kimiyya a lise, wato babbar sakandare, na ce sai na san ko wahalar da muka sha ta cancanta. Mataccen diskin yana juyawa har lokacin, yana kuma yin zafi, karatu ne dai ba ya yi. Ni da Kawu muka gwada shi hanya uku: a rufe cikin akwati, sannan da ruwan randa, sannan da 'yar fankar mai gyara kawai. A rufe ya yi zafi sosai. Ruwa ya sauko da shi, ba shakka. Amma fankar ma ta sauko da shi kusan daidai da haka, bambancin bai fi daraja biyu ko uku a ma'aunin ba in ban manta ba. Har ma na lura fito da shi daga akwatin da muka yi, ya sha iska, shi kaɗai ya yi rabin aikin. Kawu ya daɗe yana kallon 'yar fankar nan da ba ta kai tafin hannunsa ba. Ya ce, "To, inji dai ruwa yaka so. Wanga abu ashe fifita kawai yaka nema."

Da ba sauran abin gwadawa, na hau mota zuwa Tsibiri, na ƙarasa da ƙafa. Na sami tsohon a gona, gero ya fara fitowa. Muka koma gindin wani gawo, na faɗa masa komai, ban rage ba, har da ƙanƙarar. Ya daɗe yana tona ƙasa da sandarsa.

Ya ce, "Maganar da ya yi duk ina da ita. Shekara nawa ina bayansa cikin gonar ga. Waƙar ma ina da ita." Ya daina tonon. "Dariyar ce ba ni da."

Na rasa inda zan sa idona. Na ce ya yafe mini.

Ya ce, "Kai jika, ruwan da ka ba shi ba laifi na ba. Amma in tambaye ka. Wuri guda kunka aje shi?" Na ce wuri guda. Ya girgiza kai. "Ni irin da zan shuka baɗi kashi uku nika yi. Wani cikin rumbu, wani rataye ɗaka inda hayaƙi ka taɓa shi, wani in kai gidan ɗiyata. Ban yi lakwal ba, amma na san gara, na san wuta." Sannan ya ce in koma in zo da Mushe da rakoda tun yana da sauran numfashi, zai faɗi abin da yayansa ya faɗa.

Mun koma, mun ɗauka, kuma abin da ya faɗa ya yi daidai da rubutun da na riga na buga, har ya ƙara wasu abubuwa, sai dai zolayar nan tun farko ban sa ta a rubutun ba. Na ajiye shi wuri uku. Amma muryarsa ce, ba ta yayansa ba.

In wani ya tambaye ni yau ko sanyaya diski da ruwa yana da amfani, zan ce yana sanyayawa, na gani da idona. Amma a iya abin da na gwada, kuma ni ba masanin na'ura ba ne, ribar ba ta kai haɗarin ba, iska kaɗan ta wadatar da shi. Abin da ya fi wannan zama mini darasi shi ne halina. Na ji tsoron tafiyar minti biyar a kan kabu-kabu, na ji nauyin in matsa wa dattijo kan maganar da na san gaskiya ce, sai na zauna ina gina wa abu ɗaya tilo kariya a kan kariya, ina kiran hakan taka-tsantsan. Duk yadda ka lallaɓa abin da ba shi da na biyu, rana ɗaya ta ishe shi.

Mushe da tsohon sun riga mu gidan gaskiya, Kawu kuma ya tsufa, in na tayar da zancen dariya kawai yake yi. Amma mutanen Sabon Gari da yawa sun leƙo shagon nan sun ga randar, mai gyaran ma na ji yana nan da ransa. Duk wanda ya shaida abin, ya ga na kauce ko na manta wani abu, ina roƙonsa ya aiko mini da gyara. Musamman in akwai wanda yake wurin ranar da aka kunna muryar sarkin noma, kuma ya riƙe ainihin kalmomin da ya faɗa wa Mushe kafin ya yi dariyar nan, don ni a lokacin hankalina yana kan bokiti.